Igiyar Katantanwa ta Kawuna Na-Tsibiri

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai, wanda ya san waɗanda ƙasa ta rufe da waɗanda ruwa ya rufe, kuma ko ɗaya bai ɓace masa ba. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wannan takarda ce daga magatakardan alƙali a ƙasar Danja zuwa ga danginmu na Tsiga da na Mahuta, da duk wanda za a karanta wa ita bayanmu. Ina sanar da ku rasuwar kawuna, yayan mahaifiyata, wanda garinmu ke kira Na-Tsibiri. Ya cika ranar Talata da hantsi, a ƙarshen bazara, hadari yana taruwa yana watsewa, ba a riga an yi ruwan shuka ba. Allah ya jiƙansa. Aikina shi ne rubuta abu yadda ya auku, saboda haka zan fara da abin da idona ya gani a wurin makoki, ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba.

An yi masa salla, wannan gaskiya ne. Amma sahu biyu aka yi, na biyun ma bai cika ba. Na ga manyan mutane masu furfura sun tsaya a inuwar ɗorawa, hannuwa a baya, kamar waɗanda hanya ce kawai ta biyo da su. Da aka dawo zaure, wani dattijo ya ce, "To, Allah ya jiƙansa, in dai ya cika da imani." Wani ya amsa masa, "Yau kam tatsuniya ta ƙare a garin nan." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, ƙasar kabarin ba ta ko bushe a hannuwanmu ba. Ɗan ƙanen mamacin, wanda gidan zai koma hannunsa domin kawu bai haihu ba, ya leƙa cikin gida ya ɗaga murya ya ce, "Iya, ina igiyar nan tasa da ƙahon? A fito da su a ƙone kafin su jawo mana wani abu." Matar kawu, wadda dukanmu muke kira Iya, ta amsa daga ɗaki, "Ku bar ni da takabata." Daga baya na san ta riga ta binne su cikin dawa a rumbu.

Mutum ɗaya na ga yana kuka da murya, shi ne Sarkin Noma na unguwar Maguzawa da ke hayin rafi. Yana zaune a kan turmin da aka kifa a ƙofar gida, cikin rana, da warkinsa. Ba wanda ya miƙa masa tabarma. Ni ma ban miƙa ba. Na rubuta wannan don kada a ce na ware kaina.

Ga waɗanda suka tashi suka tarar da shi tsoho mai baƙon hali, ga asalinsa. An haife shi a garin nan. Yana saurayi, ya yi nisa a karatun allo, mahara suka kama shi a gona a shekarun yaƙe-yaƙe. Aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu, ana yin kudu da shi, har bakin babban ruwan gishiri. Can Nasara suka zuba su cikin jirgi, a ɗaure biyu-biyu, suka yi yamma da su har wata ya mutu wani ya tsaya ya cika. Inda aka sauke su shi ne tsibirin. Sunan da Nasara suka sa masa bai taɓa zama a harshen kawu ba, sai yake ce masa Tsibiri kurum, mu kuma muka laƙaba masa sunan.

Ya ce ƙaramin wuri ne, in ka tashi daga wannan gaɓa bayan asuba, kafin azahar ka isa waccan. In ka hau dutsen da ke tsakiya, duk inda ka juya ruwa ne. Ba kogi, ba rafi, rijiya kuma in an haƙa gishiri take bayarwa. Abin da mutane ke sha shi ne ruwan sama da aka tara daga rufin ɗaki zuwa wani rami da aka gine da dutse aka shafe cikinsa. In damina ta yi jinkiri, har shanu sai an auna musu da ƙoƙo. Ya ce ba su ne mutanen farko a wurin ba, ba kuma Nasara ba ne. In suna noma sukan tono fasassun tukwane masu zanen kan tsuntsu da na kwaɗo, na wasu mutane masu kwale-kwale da aka ƙarar tun kafin zuwansu, ba wanda ya san ko da sunan mutum ɗaya daga cikinsu. Daga nan Nasara iri biyu suka yi ta ƙwace tsibirin daga juna, yau tutar wannan gobe ta wancan, har harshen wurin ya zama gauraye: rabi na waɗannan, rabi na waɗancan, an barbaɗa masa kalmomin bayi. Auduga ake nomawa a tudu, rake a kwari. Akwai wani dogon gini mai fukafukai da iska ke juyawa, shi ke matse raken, yakan kuma haɗa da hannun mai tura masa in gyangyaɗi ya ɗauke shi.

Wannan ne ya sa kawu bai taɓa sa rake a baki ba har ya bar duniya, alhali fadamarmu cike take da shi. In an miƙa masa sai ya ce, "Na gode, na sha nawa tun tuni."

Ya ce a tsibirin, wanda kuka ƙetare ruwa a jirgi ɗaya ya zama ɗan'uwanka na jini. 'Ya'yanku ba sa auren juna. In ya mutu kai ne mai binne shi. In an yi taro kuma kowace kabila da kiɗanta: a buga na waɗannan su fito su taka, a buga na waɗancan su fito. Wanda aka haifa can, wanda bai san kiɗan kakanninsa ba, sai ya tsaya a gefe yana jira, ko ƙafarsa za ta gane abin da kansa ya manta. Kuma kowace shekara, in ruwan farko ya sauka, akan dafa abinci a kira matattu da sunayensu, a zuba wa ƙasa ruwa ga kowane suna, domin ruwa ne abu mafi daraja da suke da shi.

Musulmin da ke wurin kaɗan ne, Hausawa da Nufawa da Barebari da wasu daga Malle. A ɓoye suke salla. Ayoyi kuwa a kan yashin gaɓa suke rubuta wa juna, ruwa ya zo ya shafe. In ɗayansu ya mutu, mai gandu ba ya yarda a bar aiki a taru. Mutum biyu ake bari su ɗauke shi su kai bakin ruwa, gefen wasu itatuwa masu guba waɗanda ko ruwan sama ya ɗigo daga ganyensu sai ya ƙone fata, su tura ƙasa su koma gona. Ba wanka, ba likkafani, ba salla. Bayan shekaru masu yawa doka ta zo daga sarkin Nasaran cewa bauta ta ƙare. Kawu ya shiga aikin jirgin ruwa, daga wannan tsibiri zuwa wancan, har Allah ya haɗa shi da jirgin da ya sauke shi a Ikko. Daga can ya biyo fataken goro ya iso gida, kansa fari fat. Mahaifiyata ba ta gane fuskarsa ba. Sai da ya tambaye ta ko tsamiyar bayan ɗakin kakarsu, wadda ta faɗo daga kanta ta karye a hannu, tana nan, sannan ta zube ƙasa.

Masu cewa tatsuniya yake yi, ga amsata gare su. Ni mai ɗaukar shaida ne a gaban alƙali, na san yadda ƙarya ke sauya riga in an daɗe ana tambayarta. Na tambaye shi abu ɗaya a shekaru dabam-dabam, da gangan, ina sauya hanyar tambaya. Bai taɓa mayar da dutsen tsibirin gabas ba in ya ce tsakiya yake. Bai taɓa ƙara wa jirgin tsawo ba. Maƙaryaci yakan mai da kansa jarumi cikin labarinsa. Kawu kuwa, iyakar abin da ya taɓa faɗa game da kansa shi ne ya ji tsoro.

Halayensa kun san su. Ba a zubar da ruwa a gabansa. Da ƙoƙo ɗaya yake alwala, ragowar ya kai gindin barkono. Tun hadari yana nesa yake jera tukwane a ƙarƙashin indararo, ga rijiya kuwa a tsakar gidansa. Tuwon masara yake so a tuƙa masa da kuɓewa a ciki, tukunya ɗaya, abin da matan unguwa suka yi shekaru suna yi wa dariya. Iya takan ce, "Malam, miya daban tuwo daban, haka duniya take." Ya ce, "Duniyarki ke nan. Tawa tukunya ɗaya aka ba ta."

Bai taɓa mallakar bawa ba, ko da mai gari ya so ya ba shi wani ya taimake shi noma da tsufa ya kama shi. Kuma duk ranar da ayarin bayi ya sauka a zango, sai ka gan shi da tulu a kafaɗa, yana bi ɗaya bayan ɗaya yana shayar da su. Ba ya wuce mutum sai ya durƙusa ya ce, "Wa sunanka? Ɗan wane gari?" In an faɗa masa sai ya maimaita da ƙarfi, ya ce, "To, riƙe shi da kyau, za a ba ka wani a gaba." Wani madugu ya taɓa ture shi har tulun ya fashe. Ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya koma gida ya ɗauko wani. A lokacin ban san dalilin wannan tambaya tasa ba.

Yanzu na zo ga saɓanin da ke tsakanina da shi, wanda shi ne ainihin dalilin wannan takarda.

Shekarar da na dawo daga karatu a Birnin Zazzau, rawanina sabo, kaina cike da mas'aloli, ya zo ya same ni a zauren mahaifina bayan la'asar. Ya zauna a ƙasa, ni ina kan buzu, ban ma lura da rashin dacewar haka ba sai yau. Ya ciro wata igiya daga aljihu, irin ta jirgin ruwa, baƙa ƙirin don shafa, an ɗaura mata ƙananan katantanwar teku goma sha ɗaya, kowace da kamarta.

Ya ce, "Malam ƙarami, an ce ka yi karatu."

Na ce, "Gwargwado, Kawu."

Ya ce, "Waɗannan 'yan jirgina ne. Musulmi ne, da hannuna na tura wa mafi yawansu ƙasa, ba wanda aka yi wa salla. Na ƙarshen rasuwa a cikinsu, da zai cika, ya kama rigata ya ce in Allah ya mai da ni ƙasar Musulmi in sa a yi musu. Na ce na ɗauka. Na je wurin liman ya ce in dawo, na dawo ya ce in dawo. Kai ɗan ƙanwata ne. Ka tsaya mini a yi musu sallar gawa, ko sau ɗaya, in sauke kayan nan."

Na gyara zama, na ce masa a mazhabarmu ba a sallar gawa sai gawa tana ajiye a gaban liman. Na kawo masa hujja daga littafi, na fassara masa, na ƙara da wata.

Ya ce, "To gawar tana bayan ruwa, ɗana. In ɗauko ta?"

Na ce, "Hukunci ke nan, Kawu, ba ni na yi shi ba."

Ya ce, "Ba wata hanya?"

Na ce, "Babu."

Ya naɗe igiyarsa a hankali ya mayar aljihu. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Karatun naka yana da kaifi. Allah ya sa masa albarka."

Hukuncin da na faɗa masa daidai ne, har gobe ba zan sauya shi ba. Amma kalmar ƙarshe da na faɗa ƙarya ce, ko da ban nufe ta ba. Na sani sarai, tun a lokacin, cewa addu'a tana isa ga mamaci duk inda yake kwance, sadaka ma haka, kuma ba a bukatar gawa a gaba kafin jama'a su ɗaga hannu. Abin da ya tambaya na amsa, abin da yake bukata ban ko duba ba, domin daɗin iya amsa ya rufe mini ido. Ban kuma tambaye shi sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, ni da alƙalami ba ya rabuwa da hannuna.

Da malamai suka rufe masa ƙofa, sai ya koma ga abin da ya gani a tsibiri. Kowace shekara, washegarin ruwan farko, yakan sa Iya ta tuƙa tuwon nan nasa, ya ɗauki tukunyar ruwan saman da ya tara, ya fita bayan gari da hantsi. Yana da wata ƙatuwar katantanwar teku da aka fasa wa baki, wadda masunta ke busawa a can, ita ce ƙahon nan. Sai ya busa ta sau ɗaya, ya fuskanci yamma, ya bi igiyar da yatsa yana kiran sunaye, kowane suna ya zuba wa ƙasa ƙoƙon ruwa. Tuwon kuma ya ba duk wanda ya zo.

Fuskantar yammar nan ita ta kashe shi a idon gari. Aka ce yana salla ya ba alƙibla baya. Aka ce addinin Nasara ne, wasu suka ce iskokin ruwa yake ciyarwa. Alhali mutumin nan sahun farko yake a masallaci, ba a taɓa rasa shi ba sai da ciwo. An taɓa tsare shi da maganar a kasuwar Danja, ya ce, "Ba salla nake ba, kira nake. In za ka kira mutum, ba inda yake kake juyawa ba?" Ba a saurare shi ba. Ba wanda ya taɓa cin tuwon nan sai Sarkin Noma, wanda gonarsa ke kusa da wurin. Ƙarar ƙahon ce ta fara jawo shi, daga nan bai sake fashi ba. Wannan ma aka ƙara cikin laifin kawu, aka ce ga shaida nan, Bamaguje ne abokin cinsa. Ni kuwa, da na fi kowa sanin inda abin ya samo tushe, na yi shiru shekara da shekaru, don kada a ce magatakardan alƙali yana kare bidi'a.

Kwana biyar bayan rasuwarsa aka yi ruwan shuka. Da safe Iya ta aika a kira ni. Na tarar ta jera tukwanen a ƙarƙashin indararo kamar yadda ya saba, sun cika. Ta miƙo mini igiyar daga bayan labule, da ƙaiƙayin dawa a jikinta.

Ta ce, "Da zai cika, bakinsa yana motsi, na kai kunne. Cewa yake, 'Ban sauke ba.' Kai ne mai karatu. Ko ka sauke masa, ko ka kai wa ɗan ƙanensa ya ƙone."

Na tafi wurin liman na ce ina so a sadakar bakwai a haɗa da addu'a ga mutum goma sha ɗaya. Ya ce, "Maganar sallar nan ce kuma? Ai kai da kanka ka yanke ta." Na ce ba salla ba, addu'a, na kuma tambaye shi ko ya san littafin da ya hana. Ya shafa gemu, ya ce, "Babu. Amma su wane ne? Ba na ɗaga hannu ga katantanwa. Kawo sunaye." Na koma wurin Iya, ta ce ita ba ta taɓa bin sa bayan gari ba, tuwo kawai take tuƙawa. Na riƙe igiyar nan ina juya ta. Mutum goma sha ɗaya a tafin hannuna, ban san ko ɗaya ba, wanda ya san su kuma mun binne shi.

Sai na ɗauki tawada da takarda na ƙetare rafi.

Na tarar da Sarkin Noma a gona yana saran shuka da sungumi, shi kaɗai, matansa suna wata gonar. Na yi sallama. Bai tsaya ba.

Ya ce, "A'a! Malam da kansa a gonar arna? Kada rigarka ta ɓaci."

Na faɗa masa abin da ya kawo ni.

Ya ce, "Sunaye? Ku da kuke da alƙalami? Na ji an ce har akuyar da ta ci dawar wani kuna rubutawa."

Na ce, "Ban rubuta waɗannan ba, Baba."

Ya ce, "Na sani. Da ka rubuta ai da ba ka san hanyar gidana ba." Ya sari ƙasa sau biyu. "Ƙasa tana shanye ruwa, ba ni da lokacin zama. In kana so, ajiye takardar, ɗauki ƙoƙon irin can ka biyo ni. Ƙwaya huɗu-huɗu, ka rufe da diddige. Ka iya, ko karatu ya cinye ƙafar?"

Na tuɓe takalma, na ɗaure riga a ƙugu, na rataya igiyar a wuyan hannu, na bi shi. A ƙarshen kowace kunya sai ya tsaya, ya kama katantanwa ɗaya da yatsunsa masu taɓo, ya faɗi suna, ni kuma in durƙusa in rubuta a kan gwiwa.

"Wannan fara, Audu Bazazzagi, mai tari. Wannan mai ɗigo-ɗigo, Mamman Banufe, wanda ginin iska ya cinye wa hannu. Wannan 'yar ja, Hawwa ta Borno, ita ke gane musu tsayuwar watan azuminku. Rubuta da kyau, kada ka haɗa ta da ta kusa da ita, ba sa shiri."

Haka muka yi har goma. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, kuma ga kowane suna akwai garinsa da abin da aka san shi da shi. Da muka zo ta ƙarshe, wata 'yar baƙa mai tsaguwa, sai ya saki igiyar ya ɗauki sungumi.

Na ce, "Saura ɗaya."

Ya ce, "Ba ta da suna."

Na ce, "Ka manta ne?"

Ya juyo a fusace. "Aradu ban manta ba! Ni ba malami ba ne da zan manta. Wannan shi ne wanda aka ɗaure su tare a cikin jirgi, ƙafa da ƙafa. Kawunka ya ji shi yana irin karatunku a hankali, ya san naku ne. Amma kowa tsoronsa ya ishe shi, bai tambaye shi ko wane ne ba, yana cewa gobe. Bayan kwana uku mutumin ya mutu, aka kwance shi aka jefa a ruwa. In kawunka ya zo kan wannan, ba ya cewa kome. Ƙoƙo biyu yake zuba masa."

A nan na gane tulun zango da tambayar nan da yake yi wa kowane ɗaurarre. Na zauna a kan kunya. Sarkin Noma ya dube ni ya ce, "Tashi, kana danne mini shuka."

Ranar bakwai zaure ya cika, domin an ji za a yi wani abu. Bayan an yi wa kawu addu'a, na tashi na faɗi abin da na rubuta a nan, har da amsar da na ba shi a zauren mahaifina. Ɗan ƙanen mamacin ya ce, "Yanzu a bakin Bamaguje za mu karɓi sunayen Musulmi?" Na ce masa, "Shekara da shekaru ana kiransu a bayan gari, kai da ni muna jin ƙahon daga gida. Shi ya je ya saurara. In kana da wani mai shaida, kawo shi." Bai kawo ba.

Liman ya karɓi takardar ya duba, ya ɗaga kai ya hangi Sarkin Noma a kan turminsa a rana. Ya ce, "Rubutun nan duk taɓo ne, ba na gani. A shimfiɗa wa mutumin can tabarma a bakin ƙofa, ya faɗa da bakinsa." Rubutun ba abin da ya same shi, ni na yi shi. Na tashi da kaina na shimfiɗa tabarmar.

Sarkin Noma ya riƙe igiyar yana kira ɗaya bayan ɗaya. Kowane suna liman ya ce Allah ya jiƙansa ya gafarta masa, zaure ya amsa da amin. A na farko muryoyi kaɗan ne suka amsa. Kafin a kai Hawwa ta Borno, har waɗanda suka tsaya a inuwar ɗorawa ranar jana'iza suna amsawa. Da aka zo ta goma sha ɗaya, Sarkin Noma ya ɗaga ta sama ya yi shiru. Na matsa na faɗa wa liman labarinta. Sannan ya ɗaga hannu ya ce, "Ya Allah, da bawan nan naka da ke cikin ruwa, wanda kai ka san sunansa da sunan uwarsa." Bai iya ƙarasawa ba. Aka shafa.

Iya ta aiko da tuwon masara mai kuɓewa a ciki, da tukunyar ruwan farko. Ba a zuba wa ƙasa ba. Liman ya ce a shayar da jama'a sadaka ga su goma sha ɗaya da wanda ya ɗauko su. Shi ya fara sha, ya miƙa ƙoƙon bakin ƙofa.

Na kwafe sunayen goma a ƙarshen wannan takarda, na bar layi na goma sha ɗaya fari. Wanda ya sake kwafe ta bayana, ina roƙonsa don Allah kada ya ɗauka mantuwa ce ya matse rubutun. Ya bar layin yadda yake. Igiyar tana wurina, a cikin gafakar da nake ajiye takardun shari'a. Ƙahon kuwa Sarkin Noma ya roƙa, Iya ta ba shi.

Allah ya jiƙan kawuna, ya karɓi alkawarin da ya ɗauko daga bayan ruwa, ya yafe wa ɗan ƙanwarsa da ya ce masa babu hanya. Takarda ta cika da godiya ga Allah, da salati ga Manzonsa.